Noti Huɗun da Na Cire Daga Ƙugiyar Mota

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai.

Zuwa ga ɗana Modu,

Assalamu alaikum. Wushe, ɗana. Ina gaishe ka gaisuwar uba, ina roƙon Allah ya tsare ka gaba da baya, ya sa takardar nan ta same ka cikin lafiya. Ko da yake na san lafiyarka ƙalau, tunda bango ɗaya ne tsakanin ɗakina da naka, kuma ɗazun nan na ji ka a bakin famfo kana wanke takalma kana fito.

Za ka ce yau kuma me ya samu tsoho, gida ɗaya a unguwar Fezzan amma sai an yi wasiƙa? To, sau uku ina kiran ka in faɗa maka da baki. Na farko na ɓige da tambayar ka ko ka sayi safa. Na biyu na yi maka faɗan barin ƙofa a buɗe. Na uku kuwa da ka zo ka durƙusa ka ce "Baba ga ni," sai na ce je ka, na manta. Ban manta ba, ƙarya nake. Ni da duk garejin an san bakina ba ya hutawa, wannan magana ɗaya ta fi ƙarfin harshena. Da Kanuri muke hira ni da kai, amma ban iya rubuta shi ba, Hausar da na koya a ajin dare na manya ita ce a hannuna, sai ka yi haƙuri da rubutun bakanike.

Ranar Litinin za ka tafi wurin horar da sojoji. Ban hana ka ba, kuma ba don in hana ka nake rubutu ba. Amma ran da takardarka ta fito, muna cin tuwo, ka ajiye loma ka ce, "Baba, yanzu zan rama wa Ya." Tun kana ɗan sakandare kake ɗauke da wannan magana, cewa mutanen daji, masu tayar da ƙayar bayan nan, su ne suka kashe mahaifiyarka, Ya ɗinka, a hanyar Khaddamari. Don ita za ka ɗauki bindiga, don ita za ka kai ranka inda ake mutuwa. Modu, ba su suka kashe ta ba. Aikin hannuna ne ya kashe ta. Na so in cusa takardar nan a ƙasan jakarka ka karanta bayan mota ta yi nisa, sai na ga wannan ma wani tsoron ne. Shi ya sa na ba ka tun yau Juma'a, kana da kwana uku.

Bari in fara daga motar. Ka tuna farar a-kori-kurar nan tamu, wadda na ce maka na rabu da ita don ba na son ganin ta? Da ita muke ɗauko shinkafa da albasa daga gonar Kawu Ali, yayan mahaifiyarka, a Khaddamari. Ni ke tuƙi in na samu sarari daga gareji, mahaifiyarka kuma ke sayarwa. A bayan motar akwai ƙugiya da muke rataya 'yar tirela mai taya biyu. Ƙugiyar nan ba ta kanti ba ce. Malam Sule ne ya ƙera ta, maigidana da ya koya mini aiki, Bakanon nan mai walda da ke zaune a Shehuri. Ya yi mata dogayen hannuwa biyu da suka bi jikin casis, wato ƙarafunan nan biyu da duk mota take zaune a kansu, har suka kai saman tayoyin baya. Kowane hannu noti huɗu ya ɗaure shi da su. Shekara shida muna jan kaya da ita ko ƙara ba ta taɓa yi ba.

Abin da ke damu na shi ne sifirin ɗin baya, ƙarfen da ke ɗaukar nauyin kaya a kan taya, ya gaji. Da an yi lodi an rataya tirela, sai gindin motar ya zauna, hancinta ya kalli sama kamar raƙumi na shan iska. A lokacin kuwa mota mai zaman gindi ita ake fara tsayarwa a shingen bincike, a sa ka sauke buhu ɗaya bayan ɗaya a cikin rana, kuma ba a ga laifin masu binciken ba, kowa a tsorace yake. Ni dai na gaji da sauke kaya. Ana haka sai wani ya kawo jakunkunan iska guda biyu gareji, sababbi a kwalinsu, an tsinto su cikin kayan wata mota da aka yi gwanjo. Baƙar roba ce mai kauri, mu muna ce musu balan-balan. Ana sa su tsakanin sifirin da casis, a hura musu iska kamar taya, sai su ɗaga gindin mota ta miƙe. Ban taɓa sa irinsu ba, a hoto kawai na taɓa gani. Amma da aka tambaya wa ya iya, kafin kowa ya buɗe baki na ce ni, na saye su don motata.

A cikin kwalin akwai takarda mai shafi da yawa, da Turanci, da zane-zane. Na juya ta gaba na juya ta baya. Na ga wani shafi da aka zana mota mai ƙugiya, an kewaye wani wuri da jan layi. Na san magana ce a kan irin motata, wallahi na sani. Kana aji uku a lokacin, da na kawo maka gida da ka karanta mini kafin a sauke tukunya. Amma ina! Bukar da ake kawo wa mota daga nesa, a ce ɗansa ne ya karanta masa yadda ake ɗaure noti? Na miƙa wa mai shayi takardar ya riƙa naɗe burodi.

Wannan shi ne kuskurena na farko, kuma shi ya haifi sauran. Inda za ka, za su ba ka abubuwan da ba ka taɓa riƙewa ba, masu kashe mutum in an yi kuskure. In ba ka gane ba ka ɗaga hannu ka ce ban gane ba. Za a yi maka dariya, wataƙila a sa ka tsallen kwaɗo. Ka yi tsallen, ka sake tambaya. Ni kunyar rabin awa na gudar wa kaina, ga inda ta kai mu.

Ranar da zan sa su, na ɗaga motar a jak na shiga ƙarƙashi. Da na gwada mariƙin jakar, ƙarfen da zai kama ta da casis, sai na ga daidai wurin da yake son zama nan ne bakin hannun ƙugiya yake, har ramukan notin ɗaya ne. Biyu ba za su zauna wuri ɗaya ba. Na yi tsaki na jawo zarto. Na kwance noti biyu a dama, biyu a hagu, na yanke bakin hannuwan na ba jakunkuna wuri. Ƙugiyar da ke tsaye a kan noti takwas ta koma kan huɗu.

Ina cikin yanka Malam Sule ya iso, da sandarsa, don a lokacin ƙafa ta fara ba shi wahala. Ya sunkuya ya leƙa ƙarƙashin motar.

"Bukar, me kake yi wa ƙugiyata?"

"Gyara nake, Malam. Zamani ya zo, yanzu da iska ake ɗaukar kaya."

"Iska ta ɗauki kaya, na ji. Wa zai ja tirelar?"

"Huɗun da suka rage sun isa. Gobe zan huda sababbin ramuka in ƙara mata ƙarfe, yau babu wuta."

"To kada ka rataya mata komai sai ka huda."

Na ce, "Haba Malam, sai ka ce yau na fara riƙe sifana." Na yi dariya, mutanen gareji suka taya ni. Tsohon ya miƙe da ƙyar, ya karkaɗe gwiwa, ya ce Allah ya kyauta, ya tafi. Har yau in na tuna dariyar nan sai in ji kunya ta rufe ni.

Da gaske babu wuta ranar, an fi wata ba a kawo ba. Amma bayan kwana biyu maƙwabcinmu ya tayar da janareta, da na ja waya da an gama cikin awa ɗaya. Sai aikin mutane ya zo, na ce gobe. Notin huɗu na zuba su a gwangwanin madara na ɗora a kan kanta, kullum ina ganin su in zan ɗauki sifana. Sarƙar da ake haɗa tirela da mota don ko ƙugiya ta saki, ita ma na ciro ta na ɗaure ƙofar gareji da ita, saboda ana yawan fasa shaguna. Na yi jigila sau biyu da tirela ba abin da ya faru, sai zuciyata ta ce ka gani? Tsoho ne da tsoro. Wata biyu cur ina cewa gobe.

Ka ji ni da kyau a nan. Aikin da ke ƙarƙashi, wanda ba mai gani sai wanda ya kwanta a ƙasa, shi ne aikin. In ka bar abu rabi, kada ka yi amfani da shi, ko da ya yi maka sau goma lafiya. Sau goman nan ba shaida ba ce, ƙarfen yana gajiya ne a hankali ba ka ji. Kuma in tsohon da ya riga ka a sana'a ya ce tsaya, ka tsaya tukuna, ko kana ganin ka fi shi ido.

Kuskure na uku shi ya fi ci mini rai, don da bakina kawai zan gyara shi. Mu direbobin kaya na nan ba mu da sikeli. Yadda muke auna lodi shi ne a sa hannu tsakanin saman tayar baya da bakin bodi. In yatsu huɗu sun shiga a tsaye, da sauran wuri. In ba su shiga ba, an gama, ko buhun wa ya rage. Malam Sule ya koya mini, ni kuma na koya wa mahaifiyarka tun tana amarya, har ta fi ni riƙo da shi. Ka san halinta. Ita ce mai auna motar, ba ta yarda da ni ba, tana cewa idona ya fi motar girma. Sai ta naɗe hannun riga ta tura yatsunta masu lalle, ta ce, "Injiniya, ya isa haka." Injiniya take kira na in tana tsokana ta. In na ce a ƙara buhu ɗaya, sai ta zauna a kan buhun ta ce sai dai in ɗauke su tare.

To da na sa jakunkunan, awon nan ya zama banza. Ko nawa ka ɗora, in ka ƙara iska motar za ta miƙe, yatsu huɗu su shiga har da sauran wuri. Nauyin yana nan bai je ko'ina ba, birki bai ƙaru ba, ƙugiya ma ragewa ta yi, ido ne kawai aka rufe. Na san haka tun ranar farko. Ita ba ta sani ba. Da ta ga motar a miƙe da kaya ta yi ta tafa hannu, ta ce, "Yau kam Injiniya ka ci sunanka." Daɗin yabon ya hana ni ce mata, daga yau kada ki yarda da yatsunki.

In ka canja wani abu da mutane suka dogara da shi, ka gaya musu ka canja. Kada ka bar wani yana aiki da tsohon sani alhali kai ka san ya tashi daga aiki. Wanda ya yarda da kai ba zai bincika ba, shi ya sa zaluntar sa ta fi sauƙi kuma ta fi muni.

Yanzu ranar. Bayan girbi ne, lokacin da aka katse layin waya ba mai iya kiran wani. Kawu Ali ya aiko da baki cewa ƙauyukan gabas da su sun fara watsewa, mu zo mu kwashe shinkafa da iyalinsa. Muka fita da safe ni da ita, kai kana makaranta. Muka loda buhuna a mota, muka loda a tirela, iyalin Kawu suka hau. Kafin mu tashi maƙwabta suka kewaye mu, mata da tsofaffi da ƙullin kayansu, kowa na roƙo. Mahaifiyarka ba ta iya kallon mai roƙo. Ta je ta tura hannu a kan taya, ta juyo ta ce, "Da sauran wuri, ku hau." Suka hau, motar ta ɗan zauna. Ni kuma maimakon in ce a'a, sai na ɗauko famfon ƙafa na ƙara iska. Ta sake aunawa ta ce, "Ikon Allah, har yanzu da wuri." Wasu suka ƙara hawa. Ina tsaye ina jin ƙugiyar tana ƙara ƙasa-ƙasa, na kau da kai.

Akwai wata mai tsohon ciki a cikin maƙwabtan. Mahaifiyarka ta ba ta wurinta a gaba kusa da ni, ita ta zagaya ta hau tirela, ta zauna can gaba a kan buhuna. Na ce ta dawo, ta ce, "Tuƙa mu kawai, iska nake so." Ban nace ba. Da na ce mata ƙugiyar nan noti huɗu ne ke riƙe da ita, da ba ita kaɗai ba, kowa sai ta sauke daga tirelar.

Ana rufe hanyar shiga gari da la'asar, kuma rana ta fara karkata. Mun ɗan yi nisa sai muka ji harbi. Zan gaya maka gaskiyar harbin nan, don a kansa aka gina komai: yana da nisa sosai, can bayanmu, kamar ana buga ƙofa a wata unguwa. Ba wanda ya biyo mu, ba mu ga kowa ba. Motoci biyu da suka taso bayanmu a hankali suka tafi, kuma lafiya suka shiga gari. Ni ne tsoro ya kama, mata suka fara salati, na taka mai. Akwai wani kwari da ruwa ya ci hanya, na san shi sarai, kullum a giya ɗaya nake shigar sa. Ranar ban rage ba.

Na ji ƙara, tau! kamar an harba bindiga a kunnena. Sai motar ta yi sauƙi, ta zabura gaba. Modu, ga abin da ban taɓa gaya wa kowa ba. A wannan lokacin, numfashi biyu ko uku, daɗi na ji. Na ce Alhamdulillahi, mota ta samu ƙarfi. Ina gode wa Allah, mahaifiyarka tana ƙarƙashin tirela. Sai da na ji ana dukan rufin mota ana ihu sannan na duba madubi.

Tirelar ta kafa hanci a ƙasa ta kife. Waɗanda ke baya ta watsar da su, suka samu raunuka, Kawu Ali ya karye a cinya, ɗingishin da kake gani ke nan. Ita da ke gaba ƙarfen ya danne ta da buhuna a kai. Muka ɗaga muka jawo ta. Ba jini da yawa, har na sa rai. Na ɗora kanta a cinyata, ta buɗe ido ta dube ni, ta ce da ƙyar, "Injiniya, na auna fa. Huɗu sun shiga." Tana ganin laifinta ne, ita ta ce mutane su hau. Abin da ya kamata in ce gajere ne: ba ke ba ce, ni ne. Na buɗe baki na ce, "Yi shiru, yi salati." Ta yi salatin. Kafin mu kai shinge ta cika. Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Ta tafi tana zargin hannunta, ni na bar ta ta tafi a haka.

A shinge aka tambaye mu me ya faru. Kawu Ali yana kwance yana nishi ya ce, "Harbin mu aka yi, na ji ƙarar da kunnena." Matan suka ce haka ne, su ma sun ji. Ba ƙarya suka yi ba, ƙarar ƙarfe suka ji ya tsage. Aka juyo gare ni. Na sunkuyar da kai, aka ce a bar shi, matarsa ce. Ka ga ban ma yi ƙarya da bakina ba, shiru kawai na yi. A shekarun nan duk wanda ya mutu a hanya an san wa za a ce, ba mai tambaya ta biyu. Rigar tana rataye, na ɗauka na sa.

Da muka yi zaman makoki, mutane suna ta shigowa suna tsine wa mutanen daji, suna ce mini Allah ya saka maka. Ni ina amsawa da amin. Kai kana gefen tabarma ka haɗa gwiwa da ƙirji, ba ka kuka, kana dai saurare. Ina kallon fuskarka tana canjawa a kwana ukun nan, na ga yaron da ke bin kaji yana dariya ya tafi, wani ya zauna a wurinsa. Na gani da idona, kuma na bar shi, don gara ka ƙi su da ka ƙi ni. Wannan ita ce gaskiyar, ba ta da wani ado.

Mutum ɗaya ne bai ce Allah ya saka maka ba. Malam Sule ya zo rana ta biyu, ya yi addu'a, da zai fita ya tsaya wurin motar da ke ƙofar gida. Ya ajiye sanda, ya durƙusa da ƙafar nan tasa mai ciwo, ya leƙa. Na bi shi waje.

Ya ce, "Ba ka huda ba."

Na ce, "Malam, ka rufa mini asiri."

"Ni ba zan faɗa ba, ba maganata ba ce. Amma yaron nan fa? Ka ga idonsa?"

"Yaro ne, zai manta."

"Ba zai manta ba. Ka gaya masa tun yana iya kuka."

Na ce to, bayan arba'in. Bayan arba'in na ce sai ka gama jarrabawa. Na kwance ƙugiyar na jefa cikin tarin ƙarafa, na rabu da motar. Malam Sule bai ƙara shan shayi da ni ba. In mun haɗu a masallaci zai amsa sallama, ya tambaye ni, "Ka huda?" Ba ƙarfe yake nufi ba, ni ma na sani. Har ya rasu amsata ɗaya ce, tukuna. Allah ya jiƙansa, ya fi ni zama uba a gare ka ba ka ma sani ba.

Ga nasihar da ta fi duk sauran, in ma ka watsar da komai ka riƙe wannan. In ka je can aka ba ka bindiga, wata rana za ka yi kuskure, don kai mutum ne kuma ɗana ne. Wataƙila tsoro ya sa ka yi sauri kamar yadda ya sa ni. Kuma a ranar za ka tarar da ƙaryar tana jiran ka a shirye, ba sai ka ƙirƙira ba, a ce ai su ne, kowa ya yarda, har a yi maka jaje. Kada ka karɓa. Ka ce ni ne, a ranar, kafin rana ta faɗi. Na rantse maka da Allah, duk hukuncin da za a yi maka bai kai shekarun da na yi ina cin abinci kwano ɗaya da kai ina kallon ka kana ƙin wasu a madadina ba.

Na san abin da za ka ce, don ni ma na sha gaya wa kaina. Za ka ce ba don su ba da ba a yi gudun ba. Haka ne. Sun yi wa garin nan abin da baki ba zai iya faɗa ba, ba unguwar da ba ta binne nata ba, ba ni wanke su nake ba. In kana son ka tafi don mata su koma gonakinsu ba fargaba, don a daina rufe hanya da la'asar, wannan niyya ce mai kyau, ka tafi da albarkata, in har tana da sauran daraja a wurinka. Amma kada ka tafi da sunan mahaifiyarka a bakin bindiga. Mai ramuwa ba ya duba fuska, duk wanda ya fito daga daji a wurinsa ɗaya ne, manomi ne ko makiyayi. Ina tsoron ka kashe ɗan wani saboda shiruna, ina tsoron a kashe mini kai kana bin jinin da ba a can ya zuba ba. Matar da ta ba mai ciki kujerarta ba za ta so ko ɗaya ba.

Sauran ƙananan abubuwa ka san su. Ka riƙe salla ko a tsaye ne. Kada ka kwana da jiƙaƙƙiyar safa, ƙafarka irin tawa ce. Kana da saurin fushi in kana jin yunwa, to ka ci abinci kafin ka amsa wa na gaba da kai.

Gobe Asabar in Allah ya kai mu zan je wurin Kawu Ali in gaya masa, da bakina wannan karon, don shi ma ƙanwarsa ce kuma ƙafarsa ce. Ban san me zai yi ba, duk abin da ya yi daidai ne. Ba na neman ka yafe mini yanzu. Ban ma san ko ina da bakin nema ba. Na raba ka da uwa, sannan na ba ka abokan gaba na ƙarya ka girma da su, don kawai ka ci gaba da gaishe ni da safe. Ina son ka, Modu, ban taɓa faɗa ba don mu ba a saba mana ba, kuma son nan ne na yi wa hidima ta hanyar da ba ta dace ba.

Mutumin da ka yi shekaru kana shirin nema ba ya daji. Ba sai ka sa kaki za ka same shi ba. Ranar Litinin bayan sallar asuba zai zauna a kan benci a ƙofar gida, inda dole ka bi da jakarka. Ba zan kira ka ba, ba zan bi ka tasha ba sai in kai ka ce in zo. In ka tsaya ka zage ni, zan saurara har ka gama. In ka wuce ba ka dube ni ba, ba zan ce ka yi laifi ba.

Allah ya jiƙan mahaifiyarka Falmata, ya sanar da ita abin da na kasa gaya mata. Allah ya tsare ka daga harsashi da nakiya da mugun aboki, ya tsare hannunka daga jinin wanda bai ji ba bai gani ba. Allah ya kai ka lafiya, ya dawo da kai lafiya, ko da ba wurina za ka dawo ba. Amin.

Wassalam.

Mahaifinka,
Bukar